Wane ƙauyen ƙasar Sin ya cancanci kuɗinka: Zhaoxing, Xijiang, Longji ko Yuanyang?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa ƙasar Sin ba sa wuce kasuwannin Guangzhou, alhali wanda ya gama sayayya kuma bizarsa ba ta ƙare ba yana iya ware kwana biyu ko uku ya ga yadda mutanen karkara suke rayuwa. Wurare huɗu aka fi tallata wa baƙi a kudancin ƙasar, kuma a ganina Zhaoxing, ƙauyen ƙabilar Dong da ke lardin Guizhou, ya fi sauran dacewa da matafiyi irin namu.

Dalili na farko shi ne hanya. Tun da aka buɗe layin jirgin ƙasa mai sauri tsakanin Guangzhou da Guiyang a ƙarshen shekarar 2014, mutum yana iya shiga jirgi da safe ya sauka a tashar Congjiang bayan kimanin awa huɗu, daga nan kuma tafiyar 'yan mintoci ce a mota, don haka ba ya bukatar wani kamfani ya ɗauke shi. Zhaoxing yana da hasumiyoyin ganga guda 5, kowace unguwa da tata, an gina su da katako ba tare da ƙusa ba, kuma har yau a ƙarƙashinsu tsofaffi suke zama suna jin ɗumi suna hira. A nan ake jin waƙar taron Dong mai muryoyi da yawa, wadda ake rerawa ba tare da kayan kiɗa ba, UNESCO kuma ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya a 2009. Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin tufafi: mata suna rina yadi da baba, su shafa masa farin ƙwai, su yi ta bugunsa da guduma ta katako har ya yi ƙyalli, ta yadda duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata da mabugan Kano zai gane sana'ar tun daga ƙararta. Babban titin garin ya cika da shaguna, ana kuma biyan kuɗin shiga, amma wanda ya hau zuwa ƙauyen Tang'an da ke saman dutse zai tarar da manoma a gonakin shinkafa waɗanda ba su damu da kyamararsa ba.

Xijiang, babban ƙauyen ƙabilar Miao mai gidaje sama da 1,000, ya zama kasuwar hayar kayan ado da ɗaukar hoto. Gonakin tudu na Longji kusa da Guilin suna da kyau, sai dai matakalarsu ba ta mai ciwon gwiwa ba ce. Yuanyang a lardin Yunnan ya fi su duka kyau lokacin da gonaki suke cike da ruwa a watannin sanyi, amma nisansa zai cinye rabin hutun.

Duk inda ka zaɓa, ka guji yawon rukuni mai arhar da ta wuce hankali. Wani kamfani ya taɓa ɗaukar mu a kan kuɗin da ko na mota bai kai ba, sai ga shi yawancin yinin ya ƙare a shagon azurfa da na shayi da na maganin gargajiya, ɗan jagora yana tsaye a bakin ƙofa yana lura da wanda bai sayi komai ba, domin kamashonsa daga nan yake fitowa. Dokar yawon buɗe ido ta 2013 ta haramta irin wannan farashi da tilasta sayayya, amma ba a daina ba, saboda haka ka nemi a rubuta maka a yarjejeniya cewa babu tsayawa a shago. Mafi yawan abin da ake sayarwa a bakin titi da sunan azurfar Miao farin ƙarfe ne da aka haɗa da tagulla, kuma lambar 999, alamar tsantsar azurfa, da aka buga a jikin munduwa ba hujja ba ce, tunda mai jabu ma yana da hatimi. Azurfar gaske da awo ake sayar da ita. Haka yadin da inji ya buga wa zane ake miƙa wa baƙo a matsayin rinin hannu. Idan aka ja ka cikin wasan kwaikwayon ɗaurin aure, ko wata mai kayan gargajiya ta tsaya kusa da kai don hoto, ka tambayi kuɗin tun kafin a fara, direban da ya tare ka a bakin tasha kuwa ku gama ciniki kafin ka sa jaka a mota.

Musulmi ya shirya wa abubuwa biyu. Miao da Dong suna tarbar baƙo da giyar shinkafa a cikin ƙaho a ƙofar gari, kuma ƙa'idarsu ita ce wanda ya taɓa ƙahon da hannu sai ya shanye, don haka ka rungume hannunka ka ƙi cikin ladabi. Girkin ƙauye kuma da kitsen alade ake yawan yinsa, ko da ganye ne, saboda haka ka tafi da guzuri daga Guangzhou. Ka riƙe fasfo domin tikitin jirgi da rajistar masauki, kada kuma ka sa tafiyar a makon farko na Oktoba ko lokacin sabuwar shekarar Sinawa, domin samun ɗaki da tikiti yana wuya ƙwarai.