Sharhi Kan Kayan da Na Ɗaura wa Keken Zuwa Aiki: Taya, Kariya, Jaka da Fitila

Ba gudu ake nema a wurin keken zuwa aiki ba. Abin da ake so shi ne ya tashi kowace safiya ba tare da an durƙusa gyara ba, ya ɗauki kaya, ya kai mutum wurin aiki da tufafinsa tsaf, in duhu ya yi kuma masu mota su hango shi tun daga nesa. Kaya biyar na ɗaura wa nawa saboda wannan: tayoyin Schwalbe Marathon Plus, kariyar baya ta alminiyam (wato maɗaurin kaya na bayan keke), jakunkunan gefe na Ortlieb Back-Roller, dogayen madigadi, da fitila mai cin wuta daga dinamon da ke cikin cibiyar wilin gaba. Na hau su cikin ruwan sama da cikin ƙura, kuma a ganina dukansu kaya ne na ƙwarai. Amma kyawun kaya bai isa ba. Ɗaurin ne ke sa su yi aiki ko su zama ciwon kai, kuma yawancin matsalar daga 'yan milimitoci take tasowa.

Taya ce ta fi cancanta a fara da ita, domin faci ne ya fi sa mai keke makara. Marathon Plus tana da shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin fuskar da ke taka ƙasa. Ƙaya, ɓaraguzan kwalba da guntuwar waya yawanci a cikin wannan roba suke maƙalewa, ba su kai ga tub ba. A gefenta akwai farin layi mai ƙyalli wanda ke haskawa idan fitilar mota ta doke shi, abin da ke da amfani sosai a mahaɗar hanya inda mota ke zuwa ta gefe. Nauyi ne abin da mutum zai haƙura da shi. Mai faɗin milimita 37 tana kusan gram 900, kuma ana jin wannan a ƙafa lokacin tashi daga tsaye da lokacin hawan tudu. Wanda ke son keke mai zillo ba zai ji daɗinta ba. Ni na zaɓi nauyin a kan tsayawa bakin titi da wili a hannu.

Kafin saye, a karanta lambar da ke jikin tsohuwar taya, kada a dogara da inci. Lambar da ba ta ruɗu ita ce mai kamar 37-622: ta farko faɗin taya, ta biyu faɗin da'irar rim a inda bakin taya ke zama, duka da milimita. Taya 622 da taya 635 duk ana ce musu inci 28, amma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Haka 559 da 590, duk inci 26 ake kiransu. A duba bawul ma. Ramin rim na siririn bawul milimita 6.5 ne, na bawul irin na mota kuma 8.5, don haka tub mai bawul mai kauri ba zai shiga ƙaramin rami ba.

Sa wannan taya yana buƙatar dabara, saboda sabuwa tana da tauri. A fara duba kibiyar da ke nuna inda za ta juya. A shigar da baki ɗaya, a ɗan hura wa tub iska kaɗan don ya miƙe, a saka shi ciki, sannan a fara shigar da baki na biyu daga gefen da ke nesa da bawul a ƙare a wurin bawul. Sirrin yana tsakiyar rim, inda akwai kwari. Duk ɓangaren da ya shiga, a matse shi da hannu ya faɗa cikin kwarin nan, a ɗaure da igiya ko ƙyalle a wuri biyu ko uku don kada ya dawo. Wannan ne ke samar da sassauci ga ragowar ɓangaren ƙarshe. Ruwan sabulu a bakin taya yana taimakawa. Abin da zan hana shi ne a zura sukudireba a yi ta ɓanɓara, domin ta nan ake tsinke sabon tub tun kafin a hau, a kuma karce rim. Kafin a cika iska, a zagaya gefe biyu a leƙa a tabbata bakin taya bai danne tub ba. In ya danne, zai fashe da ƙara da zarar iska ta yi yawa.

Akwai wani tarko da wannan taya ke ɗana wa wanda ya saba gwada iska da babban yatsa. Kaurin robar yana sa a ji ta da tauri ko da iskar ta ragu sosai. Sai da famfo mai ma'auni. Ga mutum mai nauyin kilo 75 zuwa 80 da kaya a baya, wajen bar 4.5 (bar shi ne awon ƙarfin iska a jikin famfo) a tayar baya da bar 4 a ta gaba suna yi, muddin ba a fita daga iyakar da aka rubuta a gefen tayar ba. Tub yana rage iska a hankali ko ba huji, don haka a duba duk mako. Tafiya da ƙarancin iska na tsattsaga gefen taya, kuma idan aka faɗa rami rim yana cizon tub ya bar huji biyu kusa da juna. Shimfiɗar milimita 5 ba ta hana irin wannan facin. Ba ta kuma hana na ciki, wanda ke zuwa idan tef ɗin da ke rufe kawunan sifok ya goce ko ya tsufa.

Kariya ce ta biyu, kuma ita ce ta fi canza mini tafiya. Jaka a gadon baya tana jiƙe riga da gumi, tana kuma ɗora nauyi a kafaɗa da wuyan hannu. Da kaya suka koma kan keke sai wannan duka ya tafi. Wadda nake amfani da ita an rubuta mata kilo 25, kuma wannan na kaya ne, ba na goyon mutum ba. Irin wadda ake maƙalawa a sandar sirdi kaɗai ba ta wuce kusan kilo 10, tana kuma juyawa gefe in an yi kwana, ban ba da shawararta ba sai in firam ba shi da ramukan ɗauri ko kaɗan.

Ramukan ɗaurin kariya galibi na ƙusa mai zare M5 ne, wato mai kaurin milimita 5. A shafa ɗan giris ko maganin kulle zare, a sa washa, a daidaita saman kariyar ya kwanta daidai da ƙasa kafin a ƙarasa ɗaurewa. Gefen dama ne wurin lura: idan ƙusar ta yi tsawo, ƙarshenta zai leƙo ciki ya riƙa kama kaca duk lokacin da aka sauka ƙaramin giya. A sa gajeriya ko a ƙara washa daga waje. Keke mai birkin faifai yana son kariya mai buɗaɗɗun ƙafafu, in ba haka ba ƙafar hagu za ta daki gidan birkin. Bayan makon farko a sake bin ƙusoshin huɗu da alanki, saboda girgizar hanya na kwance su. Ƙusa ɗaya in ta faɗi, nauyin duka yana komawa kan 'yar uwarta, daga nan sai karaya ko lalacewar zaren firam.

Jakunkunan Back-Roller lita 20 kowace ke ci. Ba su da zif, naɗe bakin ake yi sau uku a ɗana maɓalli, kuma in an naɗe daidai ruwan sama ba ya shiga. Ƙugiyoyin sama suna kulle kansu a jikin kariya, suna sakewa idan an ɗaga hannun jakar. Suna zuwa da 'yan robobin da ake cusawa cikin ƙugiya gwargwadon kaurin sandar kariya. Kada a yi watsi da su. In babu, jakar za ta yi ta ƙwanƙwasa duk hanya tana cin fentin sandar, alminiyam kuwa yana cinyewa. Ɗan tef a inda ƙugiya ke zama yana maganin wannan. A kuma juya ƙugiyar ƙasa ta kama ƙafar kariya, don jakar kada ta riƙa lilo zuwa cikin sifok.

Idan diddige yana dukan jaka lokacin taka feda, a matsar da ƙugiyoyin sama zuwa gaban jakar, ita kuma sai ta ja baya. Amma ba can ƙarshe ba, domin nauyin da ya wuce bayan cibiyar wili yana sa kan keke rawa. Kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da wili. Cikin jakar kusan rami ɗaya ne, don haka kwamfuta tana son rigarta mai soso, ƙananan kaya kuma ƙaramar jaka tasu. Kuma abin da ke hana ruwa shiga yana hana shi fita: rigar ruwa jiƙaƙƙiya in ta shiga ciki, sai ta jiƙa sauran kayan.

Madigadi ba su da dogon bayani. Su fi taya faɗi da kamar milimita 8 zuwa 10, wato na 45 ga taya 37, a bar tazarar kusan santimita ɗaya tsakaninsu da taya. Dogaye nake nufi, waɗanda suka sauko ƙasa sosai, domin na gaba shi ke kare takalmi da kaca daga ruwan titi mai yashi. Abu ɗaya da ba zan sassauta a kai ba: na gaba ya kasance da maɗaurin roba mai ɓallewa da kansa. In itace ko dutse ya shige tsakanin taya da madigadin da aka ɗaure tamau, wilin gaba yana iya tsayawa cak ya jefar da mahayi ta kan keke.

Dinamon cibiyar wili yana ba da bolt 6 da wat 3, wanda ya ishi fitilar gaba da ta baya. Ba caji, ba batir, kuma ba ya santsi cikin ruwa kamar tsohon dinamo mai gogar gefen taya. Jan da yake yi wa ƙafa kaɗan ne, da wuya a lura. Fitilun da aka ƙera bisa ƙa'idar hanya ta Jamus suna yanke haskensu daga sama, ya zuba a kan titi maimakon idon mai zuwa, amma sai an saita kan fitilar ya ɗan sunkuya. A nemi mai ajiyar wuta, wadda ke ci gaba da haske na 'yan mintuna bayan an tsaya, saboda tsayuwar mahaɗa cikin duhu. Wahalarsa ita ce sai an sake saƙa wilin gaba ko a sayi wili sukutum. Ana kuma cire filogin waya kafin a kwance wili, in ba haka ba wayar ta tsinke. Wanda ba ya yawan tafiyar dare, fitilun caji biyu sun ishe shi, in dai zai riƙa tuna cajin.

Kaca kuwa, ɗigo ɗaya na mai a kowace gaɓa, a juya feda baya, a goge rarar da tsumma, domin man da ya rage a waje ƙura yake tarawa. Ana auna tsufanta da ma'auni: daga tsakiyar fil ɗaya zuwa na 24 a gabansa, sabuwa milimita 305 ce, in ta kai 307 a canza ta kafin ta cinye haƙoran giya. A ƙasan jaka ina barin tub ɗaya mai bawul daidai da rim, robobin cire taya, ƙaramin famfo, alanki mai lamba 4, 5 da 6, da sifana 15 saboda notin wili. Kayan faci ma suna nan, sai dai sholisho yana bushewa cikin bututunsa da zarar an taɓa buɗe shi, don haka a riƙa matsa shi lokaci-lokaci a ga ko da sauran ruwa.