Hab ɗin da zan saya a kasuwar Garwa, da waɗanda zan bari a kanti

Laftof na zamani sai ƙara sirancewa yake yi, kafofin da ake soka kaya a jikinsa kuma suna raguwa. Mai aiki da firinta da linzami da modem ɗin MTN ko Orange, ga kuma filas ɗin wanda ya kawo aiki, kafa biyu ba ta isarsa. Cire wannan, soka wancan, har kafar ta yi sako-sako ta daina riƙe komai. Shi ya sa ake neman hab, ɗan akwatin nan mai mayar da kafa ɗaya kafofi da yawa. A babbar kasuwar Garwa akwai su iri-iri, haka ma a Marwa da Kusiri. Wasu daga Duwala suke haurowa, wasu ta Mubi ko Yola. Kwalayen duk masu kyau ne, abin da ke ciki ne ya sha bamban.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe: hab rabawa yake yi, ba ya ƙarawa. Famfo ɗaya ne aka ja masa tiyo huɗu. Kafar USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, tana gudun megabit 480 a daƙiƙa, tana ba da wuta miliamfa 500. Ta USB 3.0, ta 2008, tana gudun gigabit 5 da wuta miliamfa 900. Duk abin da ka jera a jikin hab, wannan gudun da wannan wutar zai yi rububi a kai. Linzami da allon rubutu ba su cin wani abin kirki. Amma hadis na waje, wato hard disk na ajiye fayiloli, irin wanda masu ɗaukar bidiyon biki ke yawo da shi a aljihu, shi kaɗai yakan shanye kusan duk wutar kafa ɗaya a lokacin da faifansa zai fara juyawa. Ka ƙara masa modem a gefe, sai ka ji yana ƙas, ƙas, ƙas, sannan ya ɓace daga allo.

To, ga wanda ni nake tsaya wa: hab mai kafa huɗu, USB 3.0 na gaske, mai wata 'yar ƙaramar kafa a gefe ko a baya ta ƙarin wuta, irin ta cajar waya, ko micro-USB ko USB-C. Ugreen na yin irinsa, akwai kuma wasu kamfanoni. Bai kai tafin hannu ba, ba shi da fitilu masu walƙiya, babu abin da zai ja idon yaro. Amma wannan 'yar kafar ita ce duk labarin. Idan linzami da filas kawai ka sa, ba ka bukatarta, laftof ya ishe su. Ranar da hadis biyu suka haɗu, na mai aiki da naka, sai ka ɗauko cajar wayarka mai volt 5 ka soka, kowa ya samu abin da zai ci. In kuwa an ɗauke wuta, abin da mu nan arewa muka sani sarai musamman a watannin zafi idan ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya, sai ka maye gurbin caja da fawa-bank. Laftof na kan batirinsa, hab na kan fawa-bank, aiki bai tsaya ba. Ni ma idan kwafi mai tsawo zan yi, tun farko fawa-bank nake sa masa ko da akwai wuta, don kada ta ɗauke a tsakiya. A dai gwada fawa-bank ɗin tukuna, saboda wasu suna kashe kansu idan abin da ake ja bai da yawa.

Ina son wayarsa ta zama gajera mai kauri. Mai jikin alminiyam ya fi saurin sakin zafi, kuma wanda ya yi watan Afrilu a Garwa ko Injamena, rana ta haura digiri 40, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafa huɗu kuma ta isa. Wanda ke ganin yana bukatar goma, yawanci ba hab ne matsalarsa ba, kwamfutar tebur yake bukata.

Sauran fa? Mai wayoyi huɗu suna reto, a bar wa yara. Dogon nan mai kafa bakwai da makunni a gefen kowace kafa da fitila shuɗiya, wanda ake sayarwa arha ba tare da caja ba, ado ne kawai. Manyan tashoshin Thunderbolt kuwa, wato manyan hab masu gudu ƙwarai, kuɗinsu zai iya sayen laftof na hannu, don haka ba da mu ake ba. Mai babbar caja ta volt 12, irin UH700 na TP-Link, kaya ne na kirki ga ofishin da ke da sola ko janareta, amma rayuwarsa na hannun soket.

Wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa shi ne mai kan USB-C da ake rubuta wa 7 a 1 ko 11 a 1: ga HDMI ta fitar da hoto, ga wajen katin kyamara, ga kafar wayar intanet. Malamin makaranta ko ɗalibin jami'ar Ngaundere da zai haɗa laftof da majigi yana da hujjar saye. Sai dai ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Dole ta zama mai ɗauke da DisplayPort ko Thunderbolt. A duba gefenta ko akwai alamar DP ko ta walƙiya, ko a nemi bayanin samfurin a intanet. HP EliteBook 840 G3, wanda ya cika hannun mutane a nan, yana da USB-C amma ba ta ba da hoto. Mai shi ya yi amfani da VGA ko DisplayPort da ke jikin laftof ɗin, kada ya ɓata kuɗinsa. Haka batun caji: in an rubuta watt 100, hab ɗin yana cire nasa kason kafin ya miƙa wa laftof, kuma sai in laftof ɗin na karɓar caji ta USB-C. Waɗannan suna ɗaukar zafi sosai, kada a ɗora su a kan katifa.

Yanzu batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato jabu. An saba cewa harshen roba na cikin kafar USB 3.0 shuɗi ne. Masu ha'inci sun san mun sani, sai suke zuba shuɗiyar roba a kayan 2.0. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da irinsa. Na tambaye shi har sau biyu, ya juyo mini da bakin kafar ya ce, "Haba Malam, dubi cikinsa mana, ai shuɗi ne." A shagona na ɗora masa hadis ɗin wani bawan Allah da ya kawo bidiyon auren 'yarsa a kwafe wa dangi. Abin da ya kamata ya ƙare kafin a idar da la'asar ya kai mu magariba, sannan hadis ya yanke a tsakiya. Da na mayar da shi, kwamfuta ta ce sai an goge shi kafin ya buɗe. Dattijon na zaune a kan benci da carbinsa, ya ce, "Ɗana, lafiya dai ko?" Allah Ya taimaka an ceto yawancin bidiyon, amma da na koma wa mai shagon, cewa ya yi kayan da ya fita ba ya dawowa.

Saboda haka kada launi ya ruɗe ka. Kunna tocilan wayarka ka leƙa. Kafar 2.0 ƙarafa huɗu gare ta, ta 3.0 tara: huɗun nan na kowa, da wasu biyar ƙanana a jere daban. A kan da ake sokawa a laftof, biyar ɗin suna can ciki ta baya. In ba ka gan su ba, ajiye kayan. Ka duba kowace kafa, domin akwai wata dabarar: kafa ɗaya ce 3.0, sauran ukun 2.0, kuma an rubuta hakan da ƙananan haruffa a bayan kwali inda ba mai karantawa. Wasu ma ƙarafan na nan amma ba a haɗa su da komai ba, don haka gwaji ne alƙali. Je kasuwa da laftof ɗinka da hadis. Kwafi fayil mai gigabait 1 kai tsaye, sannan ka sake ta cikin hab. Da hadis mai lafiya, 3.0 kan gama cikin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, 2.0 sai ya kai rabin minti ko ya wuce. In tazarar ta yi yawa, ka ga amsarka. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya faɗa maka abin da ke cikin kwalin.

Akwai kuma wasa da lambobi. USB 3.0 da 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 abu ɗaya ne, gigabit 5, suna kawai aka yi ta sauyawa. Gen 2 ne mai gigabit 10. Kada wani ya ƙara maka kuɗi don ya nuna maka 3.2 a kwali. Kafar wayar intanet ma haka: in an rubuta 10/100, ba gigabit ba ce. Sunan kamfani shi ma ana satarsa, harafi ɗaya za a canza ko a kwaikwayi kwalin kacokan. Anker kan manna wa kayansa takardar da ake kankarewa a ga lambar tantancewa. In akwai ta, kankare a gaban mai shago ka duba a wayarka kafin ka tura kuɗi. Hab ɗin da ka ɗaga ka ji kamar babu komai a ciki, ko ka girgiza ka ji ƙara, ba sai an gwada ba.

Ko bayan ka samu na gaske, in linzaminka mara waya ya fara tsalle-tsalle, ba lalacewa ya yi ba. Kamfanin Intel ya bayyana tun 2012 cewa USB 3.0 na damun na'urori masu aiki a zangon gigahaz 2.4. Cire ɗan kan linzamin daga hab ka kai shi ɗaya gefen laftof. Lokacin hunturu kuma a riƙa sa hab a jaka, ƙura na toshe kafofin da ba a amfani da su.

In daga Kano ko Yola za a aiko maka da mai caja, ka ce a duba kan cajar. Soket ɗin Najeriya mai ƙafa uku ne masu faɗi, namu na Kamaru da Chadi mai ƙafa biyu ne zagayayyu. Ka sa a haɗo maka da adafta mai kamawa gam, kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan samfurin da kwanakin da aka yarda za ka iya mayarwa.