Wane irin bishiyar elm za ka dasa? Abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Wanda ke zaune a Ingila ko Holan ko arewacin Amurka, ya kuma je gidan rainon itatuwa neman bishiyar inuwa, zai tarar da dashen elm iri-iri, kowanne da takarda a wuya cewa yana jure cuta. Cutar da ake nufi ita ce wadda aka laƙaba wa sunan Holan, saboda masanan can ne suka gano musabbabinta a farkon shekarun 1920. Fumfuna ce da ƙananan ƙwari masu huda ɓawo ke yaɗawa, tana toshe hanyoyin ruwa a jikin itace har ganye ya yi yaushi, reshe ya bi reshe. Daga ƙarshen shekarun 1960 ta kashe elm fiye da miliyan 25 a Birtaniya kaɗai. Sai dai juriyar nan hawa-hawa ce, kuma irin da ya yi suna a wata nahiya yana iya ba da kunya a wata.

A Amurka, masu kewar tsohuwar elm mai rassa da ke haɗuwa a saman titi sukan zaɓi tsakanin Princeton da Valley Forge da New Harmony da Jefferson. Princeton tsohon hannu ne, tun 1922 aka ware shi a New Jersey, kuma shi aka jera a titin Pennsylvania gaban Fadar White House. Ya fi sauƙin samu, yana tashi a miƙe. Valley Forge, wanda gandun itatuwa na ƙasa da ke Washington ya fitar a 1995 tare da New Harmony, ya fi Princeton juriya a gwaje-gwaje, amma ɗan rigima ne yana ƙarami: rassansa na watsuwa ko'ina, idan ba a riƙa yi masa aski a shekarun farko ba iska za ta tsaga shi. Wanda ba shi da lokacin wannan hidima, ya bar shi ga ma'aikatan lambun gwamnati. Kuma dukkansu ba su tsira daga wata cutar daban da ke sa ganyen elm ya yi rawaya ba.

Ni dai da a yankin Chicago nake, Accolade zan ɗauka. Jininsa na Asiya ne, inda elm ta daɗe da iya zama da wannan cuta, gandun Morton da ke Illinois ne ya fitar da shi. Siffarsa ta yi kusa da ta Amurka, ko da yake bai kai ta girma ba.

A Turai lissafin ya sauya. Princeton da aka dasa a Ingila ya kamu, don haka kada sunansa ya ruɗe ka. Ga titi mai ƙunci akwai Columella na Holan, wanda ya fito a 1989, siriri kamar turken wutar lantarki, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa juriya. Ganyensa a murɗe yake, har baƙo kan ɗauka ciwo ne. Ga fili ko shingen gona, Lutèce ya fi dacewa: a Holan aka haɗa shi, aka gwada shi shekara da shekaru a dajin Vincennes na Paris kafin a sake shi a 2002, kuma ya fi sauran kama da elm ta gargajiya, abin da ya sa masu kare malam-buɗe-littafi a Ingila suke dasa shi. Yakan buƙaci turke a farko. New Horizon kuwa, daga Jami'ar Wisconsin, shi hukumomin birane suka fi so saboda yana haƙuri da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara da matsattsiyar ƙasa.

Wanda za ka guje wa shi ne elm na Saiberiya. Yana da arha, yana girma da sauri, amma itacensa gautsi ne, yana kuma bazuwa inda ba a gayyace shi ba. Wasu masu sayarwa na kiransa na Sin, alhali na Sin na gaskiya, mai ɓawo dabbare-dabbare, bishiya ce daban kuma mai kyau ga wurare masu ɗumi. Nemi a nuna maka sunan kimiyya: parvifolia ne kake so, ba pumila ba.

Tambayi mai sayarwa ko dashen a kan saiwarsa yake, ko aure aka yi masa kamar yadda ake yi wa mangwaro. Mai saiwar kansa ya fi, domin mai aure yakan karye a mahaɗa bayan shekaru, saiwar aro kuma tana iya fitar da tsiron da ba shi da juriya. In layi guda za ka dasa, gauraya iri biyu ko uku har da wasu itatuwan, tunda saiwoyin elm makwabta suna haɗewa a ƙarƙashin ƙasa, cutar ta bi ta nan. Aski kuma a bari sai hunturu, lokacin da ƙwarin ba sa yawo, domin ƙanshin sabon yanka yana jawo su.