Taifot ɗin kaji: kafin ka biya kuɗin allura ko magani

Ranar da na tsinci kaji uku a mace a gonata da ke Rikkos a Jos, likitan dabbobi ya fede ɗaya a gabana. Hantar ta kumbura ta yi launin tagulla mai ratsin kore, saifa ma ta yi suntum. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, Salmonella ce, amma sai mun san wacce." Da wannan tambayar ya kamata mai kiwo ya shiga kantin magani.

Ƙwayoyin cutar Salmonella iri-iri ne, 'yan gida ɗaya, halinsu ne daban. Gallinarum ita ke kawo taifot, tana kayar da manyan kaji, kuma jajayen kajin ƙwai da muka fi kiwo a Jos sun fi farare saurin kamuwa. Pullorum, 'yar'uwarta ta jini, 'yan tsaki take bi da farin kashi, tun daga cikin ƙwai take biyo su. Enteritidis kuwa sau da yawa kaza na yawo da ita garau, sai wanda ya ci ƙwan da bai dahu ba ya kwanta. Dukkansu suna da wani sulke a jikinsu da ke kare su daga jinin kaza.

A kan wannan sulken aka gina allurar rigakafi ta 9R. Gallinarum ce mai rai, wadda aka raunana a Ingila tun shekarun 1950, sulkenta ya gutsure, sai ta koya wa jiki faɗa ba tare da ta yi kisa ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, tana yin allurar taifot, akwai kuma ta waje irin Nobilis SG 9R. Ni ta Vom nake saye, don tafiyar gajera ce ta bayan Bukuru, sanyi ba ya yankewa a hanya. Ana yi wa 'yan matan kaji kafin su fara ƙwai, a maimaita yadda takardar ta ce. Sharaɗinta ɗaya: kada a haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwanakin, domin zai kashe ita allurar.

Allurar da aka kashe ƙwayarta ba ta da wannan damuwa, sai dai kariyarta ta fi ƙarfi a kan irin da aka zuba a kwalbar. A kwalarar kaji, wata cuta daban, inda ƙwayar Pasteurella ke da iri 16, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Tambayi mai kanti wane iri ne a ciki.

Maganin ruwa ko na gari shi ne inda kuɗinmu ya fi salwanta. Yana rage mace-mace, amma kazar da ta tashi daga taifot na iya ci gaba da ɗauke da cutar. Na taɓa zuba kala uku a mako biyu ba sauƙi. Da na kai sabuwar gawa ɗakin gwaji, sai ga shi ƙwayar ba ta jin biyu daga ciki.

In za ka karɓo allura, tafi da kular riƙe sanyi mai ƙanƙara a ciki, ka duba ranar lalacewa, ka ga an ciro ta daga firji da idonka. In an ɗauke wuta kuma firjin ya yi ɗumi, ka bar ta ko da an rage maka kuɗi.