Ƙamus ɗin da mai caji ya tura min, da gardamar suga

Sati uku kenan ina amfani da wani ƙamus na turanci da yaron shagon caji na bakin tasharmu ya tura min a waya, ɗari biyu ya karɓa. Abin da ya fara burge ni ba ya cin data, mu nan wajen Gumel da sai ka fita bakin kwalta kake samun sabis ai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma inda na san kuɗina bai tafi a banza ba shi ne ranar da gardama ta kaure a teburin mai shayi, wani dattijo ya ce a ƙara masa sukari, sai wani ɗan sakandare ya bushe da dariya wai Baba suga ake cewa, sukari ƙauyanci ne. Na zaro waya na buga sugar, ashe a ƙasan ma'anar akwai wajen da yake faɗin asalin kalma. Wallahi turawan ma aro suka yi! Daga Faransanci suka ɗauko ta wajen ƙarni na 13, su kuma ta iso musu ne daga Larabci, sukkar, don Larabawa ne suka yaɗa noman rake har Andalus da tsibirin Sisili. Larabawan su ma daga Farisa suka samo, shakar, asalin asali kuma tsohon yaren Indiya ne, sharkara, wato tsakuwa ko ɓurɓushin yashi, ka murza suga a tafin hannu za ka gane dalili. Kenan sukarin Baba kai tsaye daga Larabci ya zo mana, suga kuwa sai da ya zaga Turai tukuna. Yaron nan ya yi tsit, ya ce Yaya mu gani, na miƙa masa ya karanta da kansa.

Matsalarsa dai turancin bayanin ya yi nauyi, wani lokacin sai ka nemi ma'anar ma'anar, rubutun kuma ƙanana kamar tururuwa. In ka kunna data talla ta dame ka, muryar da ke furta kalma ita ma sai da sabis. Babu Hausa ko ɗaya a ciki, wannan ya ban haushi.

Ni dai na ba shi huɗu cikin biyar. Baba kuwa cokali biyu ya sa aka ƙara masa, ya ce ɗan boko ne zai biya.