Gargaɗi ga masu injin tana: mai tallar borin-ba na kabayid a Facebook ɗan damfara ne

Jama'a ku yi hattara, musamman 'yan uwana masu ƙaramin injin tana (injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi) a gida da masu shago a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Akwai wani mutum yana tallar borin-ba a Facebook, sandar nan ta faɗaɗa rami mai haƙorin da ake ɗaurewa da sukuru a canza in ya dakushe, yana rantsuwa wai na kabayid ne zalla. Ɓarawo ne. Sidi 1,800 ya ci min. Sidi 1,800, ban da kuɗin mota, wallahi har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Kuma kar wani ya zo ya ce min ai ban san kaya ba. Tana ba ita ce sana'ata ba, sha'awa ce, ɗan injina yana bayan gida a Aboabo, in na taso daga kasuwa nakan yi wa yaran unguwa bushin babur da ƙananan abubuwa, amma na san abin da na je nema. Ina da aiki mai rami faɗin milimita 18, zurfin 80, sandata ta ƙarfe mai kauri 12 in ka zaro ta fiye da ninki huɗu na kaurinta, wato wajen 48, sai ta hau karkarwa tana kuka tana bar maka zane a cikin ramin. Kabayid (ba na 'yan walda ba fa, wannan mai nauyin da ake haɗawa da tangistin) ya fi ƙarfe ƙin lanƙwasa kusan sau uku, shi ya sa ake iya zaro shi ninki shida zuwa takwas bai yi rawa ba. Dalilin kenan, ba ƙawa ba.

Na yi masa tambayoyi. Na ce karanta min lambar jikin sandar, ya ce C12M-SCLCR06, na ce mene ne C ɗin farko, ya ce kabayid, da S ne da ƙarfe ne, 12 kauri, M tsawon milimita 150. Na ce wane haƙori take ɗauka, bai ko tsaya tunani ba ya ce CCMT060204. Sai ya ƙara da abin da ya gama da ni, ya ce Alhaji in alminiyon za ka ci kar ka sa wannan, nemi CCGT mai sheƙi mai kaifin baki. Maganar nan ita nake ta juyawa a raina dare da rana. Wa zai ji haka ya ce wannan bai san aiki ba? Da Hausa muke magana, ya ce shi ɗan Nima ne a Akra, Alhaji sama Alhaji ƙasa, ya tambayi iyali, ya ce ai mu 'yan Zango ba za mu cuci juna ba. Alhaji kar ka sa wannan. Ban tambaye shi ba fa, shi ya kawo shawarar da kansa.

Da kayan suka iso tashar Asafo na buɗe kwalin a wurin, sanda uku, 8 da 10 da 12, da kwali biyu na haƙora goma-goma mai tambarin wani sanannen kamfanin waje. A'a, kafin nan ma akwai bidiyo kol, na manta. Ya kira ni ya ɗora ta 12 a kan sikeli a gabana ta haura giram 200, ya goga mata magagari ya zame bai bar ko alama ba, ya nuna min layin da aka like kan ƙarfe da jikin kabayid, don na gaske haka suke, kan da haƙori yake zama ƙarfe ne aka like. Da idona na gani. Bayan kiran ne na tura sidi 1,800 ta Momo, wato tura kuɗi ta layin waya. Sunan da ya fito ba nasa ba ne, na mace ne, na tambaya ya ce layin maiɗakinsa ne, kuma mutum nawa a Kejetia suke karɓar kuɗi da layin mata ko na yaron shago? Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan.

Abin da ya aiko min daban da abin da ya nuna. An fesa musu fenti toka-toka mai duhu, an buga C12M ɗin tsaf, amma babu layin liki ko kaɗan, daga kai har gindi abu ɗaya ne. Na ɗaura ta 12 na zaro 80, haƙori na taɓa ƙarfe ta fara ihun nan da na sani, na rage gudu, na rage ci, na duba tsayin baki ko yana tsakiya, duk a banza, bushin ya fito ciki kamar bayan kada. Haƙorin ya ɓantare a kan ƙarfe mai laushi, da na zo canzawa kan sukurun ya cinye a makulli mai tauraro, sai da na haƙo shi.

Na kai wa wani Masta a Magazin da nake girmamawa. Ya karɓa ya ɗan jijjiga ta a tafinsa, ya ɗauki magagari ya ja sau ɗaya, fenti ya tashi farin ƙarfe ya bayyana, ya ce Alhaji nawa ka saya? Yaransa duk suna tsaye. Na kasa faɗa. A sikeli giram 130 da 'yan kai, daidai nauyin ƙarfe, maganaɗisu kuma ya kama ta gam, alhali kabayid ɗan ja kaɗan yake yi. Sandunan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, su na biya sidi 1,800.

Tun a daren da na gwada na kira shi, ko washegari ne, kaina ya ɗau zafi. Ya ce kuskuren yaronsa ne wajen ɗaure kaya, in ƙara 200 na mota ya aiko na gasken, na ce maido min kuɗina kawai, ya ce Alhaji ka ba ni zuwa Juma'a. Juma'a ta zo ya yi bulokin ɗina a WhatsApp. Shafin kuma yana nan ya canza suna, hotunan dai su ne, sanda a kan sikeli. Na kira 292 na hukumar tsaron intanet na ba da rahoto. Hotunan hirarmu, rasit ɗin Momo, bois ɗinsa da hoton sandar da aka kankare duk suna wayata, zan ɗora su da zarar na rufe sunan matar, don ban san ko da hannunta a ciki ba.

Kar ku biya sai kaya na hannunku. Ku je da magagari da sikeli. In raminku ba mai zurfi ba ne ku sayi ta ƙarfe mai S, mafi kaurin da za ta shiga, ku zaro kaɗan, ta ishe ku. Duk wanda mutumin nan ya taɓa a Kumasi ko Akra ya yi min magana ta inbos mu haɗa hujjoji mu kai wa 'yan sanda tare.