Sashen yara da ofishin walwala na babban asibitinmu: yadda na gan su

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, irin na sha-ka-tafi. Abin da ya fi ƙarfinmu, takarda muke rubutawa mu tura babban asibiti, kuma cikin waɗanda muke turawa akwai yaran da hannun mutum ne ya ja musu ciwon. A kansu zan faɗi yadda na ga aikin asibitin. Ba zan kama suna ba.

Likitocin sashen yara dai sun ci a yaba musu, suna da ido. Na tura wata 'yar riƙo da aka ce ruwan zafi ne ya zubo mata. Ƙunar ta tsaya cak a wuyan hannuwanta biyu, kamar ta sa safar hannu. Ruwan da ya zubo fallatsa yake yi, wannan kuwa tsomawa aka yi. Likitan bai ɗaga murya ba. Ya ba ta gado, ya aiki matar da ta kawo ta sayen magani, sannan wata nas ta ja kujera ta zauna kusa da yarinyar har ta buɗe baki. Haka suke yi da "faɗowa ya yi daga gado", wanda kullum sai mun ji shi. Idan jaririn da ko rarrafe bai fara ba ya zo da karaya, sai su ɗauki hoton sauran ƙasusuwan, wani lokaci a ga tsohuwar karaya da ta fara haɗewa. Shatin wayar wuta a gadon baya kuwa ba ya ɓuya, a lanƙwashe yake fitowa.

Amma sakaci ya fi duka yawa a abin da nake gani. Yaro ya zo da tamowa, awon damtsensa bai kai santimita 11.5 ba. Galibi babu ce, kuma ma'aikatan ba sa wulaƙanta uwa a kan talauci. Inda suke tsananta tambaya shi ne idan yaro ɗaya ne ya rame a gida, sauran kuwa ɓul-ɓul, uwarsa an sake ta ko ta rasu.

Ofishin walwala ne ya ba ni takaici, ba don ma'aikaciyar ba. Baiwar Allah ce mai haƙuri, da kuɗinta take hawa adaidaita ta je duba gidan yaro. Ofishin ɗaki ɗaya ne, ƙarfe huɗu an rufe, Asabar da Lahadi babu kowa. To, yarinyar da aka yi wa fyaɗe ranar Juma'a da dare fa? Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, Kaduna tana da cibiyoyin Salama, inda magani da rahoton likita da nasiha suke wuri guda, kyauta. A namu babban asibitin sai ka yanki kati, ka bi layi, ka maimaita labarin a gaban jama'a.

Sai ranar sallama. Dangi su cika ɗakin, a zo da mai unguwa, a ce a rufa asiri, a yi alƙawari, yaro ya koma inda ya fito. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023, amma doka ba ta samar da gadon da yaro zai kwana a daren. Mu da muka tura kuma ba a waiwayarmu da bayani, sai dai mu sake ganin yaron da sabon ciwo.

Duk da haka can zan ci gaba da turawa. Wanda zai kai yaro ya nemi likita ya rubuta duk tabon da ya gani a kati, ya kuma tambayi ofishin walwala da bakinsa, don ba kowa ke nuna masa hanya ba. Idan fyaɗe ne, kada a jira Litinin, kada a yi wa yarinyar wanka ko a wanke kayan jikinta, a wuce da ita sashen gaggawa a daren.